Koken ko Belmont: wace tsohuwar kujerar aski za ka ɗauka?

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Na ga tambayarka da hotunan da ka haɗo da ita. Ka ce dillali ya kawo maka tallan tsofaffin kujerun aski guda biyu. Ɗaya fara ce mai rufin tangaram, an zuba sunan Koken a matakin ƙafarta, sai dai ba ta da majinginar kai, kuma ko an buga libarta ba ta ɗagawa. Ɗayar Belmont ce mai jan kushin, komai nata yana aiki. Kuɗin guda ɗaya gare ka, kana da shagon aski, kuma burinka ka fara tara irin waɗannan kaya na tarihi. To wacce za ka ɗauka?

Kafin a zo maganar ciniki, ya kamata ka san cewa kujerun nan biyu da aka jera maka tarihinsu a sarƙe yake, domin kamfanin ɗaya ne ya haɗiye na ɗayar.

Koken sunan mutum ne, Ernest Koken, haifaffen Jamus da ya girma a garin St. Louis na Amurka. Ba da kujera ya fara ba. A 1874 kofunan tangaram yake yi wa zane yana sayar wa masu aski. A wancan zamani kowane mai zuwa gyaran gemu yana da kofinsa na kumfar sabulu, da sunansa a jiki, a jere a kantar shagon, saboda tsoron cutar fata da ake ɗauka wurin aski. Daga kofi ya shiga sauran kayan sana'ar, a 1881 ya yi rajistar kujerarsa mai kwanciya. Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Kamfanin Archer ya riga shi fitar da mai kwanciya tun 1878, Eugene Berninghaus na garin Cincinnati ya yi wadda take kwanciya kuma take juyawa, ga kuma Theo A. Kochs a Chikago wanda ya kafa nasa kamfanin tun 1871. Abin da ya ɗaga Koken sama da su shi ne famfon mai. Wajen ƙarshen ƙarni na 19 ya fito da kujerar da ake ɗagawa da matsin mai, kamar dai jak ɗin mota, sannan aka tattara sarrafa ta a liba guda a gefe: da ita za a ɗaga, a sauke, a kwantar, a kulle. Mu da muka taso muna ganin wanzami da zabirarsa a kan tabarma, shi ke zagaya kan mutum yana karkata shi yadda aska take so, mun fi kowa gane girman wannan dabara. Kujerar ce ta karɓi wahalar da bayan mai aski da wuyan mai zama suke sha.

Ita kuwa Belmont 'yar Japan ce. Hidenobu Yoshikawa ya kafa kamfanin Takara, wanda daga baya ya zama Takara Belmont, a birnin Osaka a 1921, a matsayin maƙerar zubin ƙarfe, sai a 1931 suka fara ƙera kujerun aski. A 1956 suka shiga kasuwar Amurka da kujeru masu kama da na Amurkawa sosai, amma sun fi araha. Kuma sun zo a daidai lokacin da sana'ar take tangal-tangal. Tun da Gillette ya yi rajistar rezarsa a 1904, aka kuma raba ta ga sojojin Amurka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, maza suka koyi aske gemu a gida. A shekarun 1960 kuma samari suka shiga yayin tara suma, shaguna suka yi ta rufewa. Kamfanin Emil J. Paidar na Chikago, wanda yake cikin manya a lokacin, har ƙara ya kai wa hukuma yana neman a ƙara wa kujerun Japan haraji. Bai hana komai ba. A 1969 Takara Belmont ya saye Koken, ya kuma kame mafi yawan kasuwar ƙasar. Har yau kamfanin yana nan, yana ƙera kujerun aski da na likitocin haƙori, yana ma sa sunan Koken a wasu sababbin kujerunsa. Ka riƙe wannan da kyau: ganin sunan Koken kaɗai ba ya nuna kujera tsohuwa ce.

To mu dawo kan naka biyun, mu fara da shekaru. Kujerun farko, na ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, katako ne mai sassaƙa, an lulluɓe su da karan-miski ko fata, an cusa gashin doki a ciki. Daga baya aka koma zubin baƙin ƙarfe mai rufin tangaram, irin rufin da ke jikin langa da kwalla na jeren iyayenmu mata, sai dai ya fi kauri nesa ba kusa ba. Dalilin sauyin tsafta ce. Jihohin Amurka sun fara kafa dokokin aski, Minnesota ce ta fara ba da lasisi a 1897, mutane kuma suka fara son shago fari tas kamar asibiti, wanda za a goge da tsumma a gama. Farar Koken irin taka ta wannan zamani ce, galibi tsakanin shekarun 1910 da na 1930. Belmont ɗin da ke hotonka kuwa ta shekarun 1960 ce ko bayan haka. Ka ga tsakaninsu akwai tazarar uba da ɗa, ko ma kaka da jika. Wata shekara da za ka iya gani a jikin ƙarfen Koken kada ta ruɗe ka, sau da yawa shekarar rajistar fasahar ce, ba shekarar da aka ƙera kujerar ba, kuma sukan ci gaba da buga ta shekaru masu yawa bayan haka.

Wajen kyan ƙira, ni dai ban ga abin haɗawa ba. Ka sake duba matakin ƙafar Koken ɗin, yadda aka zuba sunan a tsakiyar zane mai rassa kamar aikin maƙerin farfaru. Ka duba ƙarafunan gefe, da ƙugiyar da ake rataya fatar wasa aska, da sandar rataya tawul. Ƙyallin ƙarfenta na nikel ne, wanda yake da ɗan ɗumi a ido, yana ɗan karkata zuwa rawaya, ba kamar kurom na Belmont ba mai haske da sanyi irin na bamban tsohuwar mota. Belmont ma tana da nata kwarjini, musamman samfurin Apollo wanda masu aski a ƙasashe da dama suke ji da shi har gobe, amma kyanta na kayan aiki ne: layi miƙaƙƙe, kushin mai faɗi, babu ado sai abin da ya zama dole. Koken kuwa an yi ta ne a zamanin da kujera ita ce tallar shago, mai wucewa ya leƙo ya ganta ya san wurin na manya ne.

Amma idan aka zo zama da aiki, Belmont ce gaba, kuma ba zan ɓoye maka ba. Mazauninta ya fi faɗi, ta fi taushi, kushin ɗinta galibi leda ce mai jure ruwa da man gashi. An yi ta ne lokacin da aski da inji ya zama shi ne babban aiki. Koken an yi ta ne domin gyaran gemu da aska, mutum a kwance, mai aski a tsaye a kansa, shi ya sa wasu masu aski suke kukan tsayinta da ƙuncin mazauninta idan za a wuni ana aiki. Sannan uwa uba kayan gyara. Tun da kamfanin Belmont yana raye, akwai inda za ka nema. Na Koken kuwa sai dai a ciro daga wata kujerar da ta mutu, ko a sayi na kwaikwayo. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai: in Belmont ɗin mai lantarki ce, ka tambayi ƙarfin wutar da take ɗauka. Kayan Amurka wajen volt 120 ne, na Japan 100, namu kuwa ya haura 200, jona ta kai tsaye ƙona ta ne.

Yanzu ga lahani biyun da ka ambata, kuma a nan ne nake so ka natsu, domin wanda ya fi tsorata ka shi ne ƙarami. Rashin ɗagawa sau tari ba mutuwa ba ce. Famfon tsohuwar Koken abu ne mai sauƙi, babu waya babu na'ura. Kujerar da ta shekara talatin a sito, man cikinta ya tsiyaye ko ya daskare ya zama kamar kwalta. A zazzage, a wanke, a zuba sabon man haidirolik mai tsabta, da yawansu sukan tashi. Kowane bakanike mai haƙuri da ya saba gyaran jak zai gane kanta, in dai an hana shi duka da guduma. Majinginar kai ita ce babbar asara. Zare ta ake yi idan ana askin ƙeya, a ajiye a gefe, shi ya sa ita ce ta farko da take ɓata. Ta asali tana da wurin sa naɗin takarda, a yage wa kowane mutum sabuwa kafin ya ɗora kai. Masu tara kayan nan suna farautarta ita kaɗai, kuma ba kowace ce take shiga ramin kowace kujera ba, ta Kochs daban, ta Paidar daban. Wannan rashi hujja ce mai ƙarfi ta neman ragi, kada ka ji nauyin dillali a kai.

Abin da ba ya gyaruwa shi ne abin da hotonka bai nuna ba. Zubin ƙarfe ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi, kuma waldarsa ba ta kowane mai walda ba ce. Tangaram kuma da wuta mai tsanani aka narka shi a jikin ƙarfen, in ya ɓare babu fentin da zai maye gurbinsa. Wannan ya taɓa cina. Na ba wani mai fenti gindin wata kujera ya goge min tsatsar da ke bakin wani ɗan ɓari da bai fi girman kwabo ba, na dawo na tarar ya bi dukkan farin da takardar yashi, ya fesa fentin mota, yana jiran yabo. Har yau in na kalle ta raina yana ɓaci, domin abin da ya tsira kusan shekara ɗari ya tafi a yini guda. Ƙananan ɓari da dusashewar nikel ba aibi ba ne wurin masu tarawa, shaidar shekaru ce. Kujerar da ta cika da kayanta na asali, ko da ta yi duhu, ta fi wadda aka yi wa kwalliya da kayan aro daraja.

Nauyi kuwa kowacce tana da shi sosai, don haka ka sa kuɗin dako a lissafi. Kada a ɗaga ta ta hannuwa ko ta mataki, kuma kada a kwantar da ita a mota da mai a ciki. In ta iso, ƙurar hunturu da zafin bazara su ne abokan gabar fata, a riƙa shafa mata man fata, a kuma nisantar da ita daga rana. Damina ita ke kawo tsatsa a wuraren da tangaram ya ɓare, ɗan shafa mai ya wadatar.

Ga abin da zan yi da ni ne kai. Tun da ka ce tarawa kake so ka fara, Koken zan ɗauka. Irin Belmont ɗin nan an ƙera su da yawa, in ta wuce ka yau wata za ta zo. Farar Koken kuwa kullum raguwa suke yi, duk wadda ta faɗa hannun masu gwangwan ta tafi ke nan. Amma da sharaɗi: ka je da kanka, ko ka tura wanda ka yarda da idonsa, da tocila. A duba gindin, a duba inda hannuwa suka haɗu da jiki, a duba maƙalar mataki, nan ne tsaga take ɓuya a ƙarƙashin datti. A gwada libar a ga ko bayan kujerar yana kwanciya yana kuma kullewa, a juya ta a ji ko tana girgiɗi. A ɗaga kushin a duba katakon da ke ƙarƙashi ko gara ta taɓa shi. In an sami tsaga a ƙarfen da ke ɗaukar nauyin mutum, ka bar ta komai arharta, ka ɗauki Belmont ka sa a shago ta riƙa kawo maka kuɗi har wata Koken ɗin ta fito. Haka ma in gaskiyar magana ita ce kujerar da za a zauna a kai daga safe zuwa dare kake nema, Belmont ce taka ba tare da wani dogon tunani ba.

Kuma kafin ka biya, ka sa dillalin ya koma wurin mai kayan ya bincika sito da kyau. Sau da yawa majinginar kan tana nan a wani kwali tare da tsofaffin almakasai, wani lokacin har da ɗan bencin yara da ake gittawa a kan hannuwan kujera, mai kayan bai ma san na jikinta ba ne. In an same su ka haɗa a ciniki ɗaya, ka turo mana hoton ƙasan matakin da duk wata lamba da ka gani a jikin ƙarfen, mu taya ka kintatar shekarunta.