Abin wuyan kare mai magani: kaska ta tafi, amma a yi hattara da tallan 'yan kasuwa

Duk mai karnukan gadi a gona ya san abin da kaska ke yi musu da zarar damina ta kankama. Nawa suna gonar kajina da ke bayan Rigachikun, kan hanyar Zariya, kuma bana ne na saya musu abin wuyan nan na roba da aka jiƙa da maganin ƙwari mai suna deltamethrin. Likitan dabbobin da ke duba min kaji ne ya ba ni shawarar.

Sa shi babu wuya. Za ka ɗaura ka bar sararin yatsu biyu tsakaninsa da wuyan karen, ka yanke abin da ya yi saura, ka wanke hannu da sabulu. Maganin yana fita a hankali ya bi maiƙon fata har ya game jiki, don haka kada ka sa yau ka ce gobe ba ka ga aiki ba. Sai ya ɗauki mako guda ko fiye. Bayan nan kuwa na ga bambanci da idona. Kunnuwan da a da ke cike da kaska sun washe, susa ta ragu, yaron gona ya huta da tsince su da hannu. A jikin kwalin an ce yana kai wajen wata shida, kuma nawa har yanzu suna aiki.

Abin da bai yi min daɗi ba shi ne tsada, sai kuma wuyan macen cikin karnukana da ya ɗan yi ja a farko kafin ya lafa. Ba a sa wa kyanwa, yana kashe kifi, saboda haka mai tafkin kifi ya kiyaye.

Inda nake son in tsaya shi ne maganar da mai shagon da ke sayar da shi ya yi min, cewa abin yana kare iyali daga cutar kala-azar. Na kai wa likita zancen. Ya ce, "Alhaji, akwai gaskiya a ciki, amma ba yadda ya faɗa maka ba." Cutar dai mugunyar gaske ce. Wani ƙwaro ne da bai kai sauro girma ba yake ɗauko ƙwayarta, macen ce ke cizo, galibi daga magariba zuwa asuba. Tana kawo zazzaɓi mai daɗewa, rama, ƙarancin jini, da kumburin saifa da hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce idan ba a yi magani ba, sama da kashi 95 cikin 100 na masu ita ba sa tashi. Sai dai a Sudan, Habasha da Indiya, daga mutum zuwa mutum ƙwaron ya fi ɗaukar ta. Wuraren da kare ke zama ma'ajiyarta su ne Brazil, ƙasashen gaɓar Bahar Rum da Iran. A arewacin Najeriya kuwa, nau'in da ke fito da gyambo a fata aka fi samun rahotonsa.

Duk da haka labarin Brazil ya tsaya min a rai. Shekaru da dama suna gwada jinin karnuka suna kashe waɗanda aka samu da cutar, amma ba ta ja da baya yadda aka so ba. Gwajin ba ya kama kowane kare, masu karnuka suna ɓoye nasu, wanda aka kashe wa nasa kuma ya samo ɗan kwikwiyo, shi ma kwikwiyon ya kamu. A Iran an bi wata hanya: an ɗaura wa karnukan wasu ƙauyuka irin wannan abin wuya, kuma binciken da aka buga a 2002 ya nuna kamuwar yara ta ragu, ba ta karnukan kaɗai ba. Idan ƙwaron bai iya cizon kare ba, ba shi da abin da zai kai wa yaro. Ni wannan ya gamsar da ni fiye da bin unguwa ana zuba wa karnuka guba, abin da na tsana tun ina yaro. Dabbar da ke kwana ido biyu don dukiyarka tana da hakki a kanka.

Zan sake saya, amma don kaska. Ba ya warkar da karen da ya riga ya kamu da cutar kala-azar, kuma ba ya maye gurbin allurar rigakafin haukan kare, wadda a Kaduna ita ce ta fi gaggawa. Idan ka ga karenka yana ramewa, gashin gefen idonsa na zuba, faratansa sun yi zaƙo-zaƙo, kai shi asibitin dabbobi a ɗebi jini, don suna iya zama alamun cutar kala-azar. Kuma ka sayi abin wuyan a hannun likita, ka duba ranar ƙarewar wa'adi a kwalin kafin ka biya.