Rawar Ƙugu Don Motsa Jiki: Nadi, Malama A Gida, Ko Bidiyo?

Tun daga shekarar 2017 da hukumomin Saudiyya suka fara ba da lasisin buɗe wuraren motsa jiki na mata zalla, waɗanda a nan muke kira nadi, rawar ƙugu ta samu gurbi a jadawalin wasu daga cikinsu. Larabawa suna kiranta raƙs sharƙi, kuma salon da aka fi koyarwa ya bunƙasa ne a Alƙahira, inda 'yan rawa irin su Samiya Jamal da Tahiyya Kariyoka suka yi suna. Matanmu na Jidda da Makka, waɗanda zafin gari yake hana su tattaki a waje tsawon watanni, suna yawan tambayar hanyar koyonta da ta cancanci kuɗinsu.

Kafin a zo batun kuɗi, ya kamata ki san abin da za ki saya. Rawar tana aiki ne a kan naman ciki da na gefen ƙugu da cinyoyi da gadon baya, domin ana koya miki juya kwatangwalo alhali ƙirji yana tsaye, ko motsa kafaɗa ba tare da ƙugu ya bi ba. Babu tsalle a cikinta, saboda haka ba ta wahalar da gwiwa kamar gudu. Amma ba ta narkar da teɓa ita kaɗai, domin jiki ba ya ƙona kitsen wurin da ake motsawa kawai, kuma duk tallar da ta yi miki alkawarin shafaffen ciki cikin wata ɗaya yaudara ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, don haka aji biyu na awa ɗaya-ɗaya ba su cika ma'aunin ba sai an ƙara da tafiya.

A ganina, ajin nadi shi ne zaɓin da ya fi dacewa da wadda ba ta taɓa yi ba, kuma dalilin guda ɗaya ne: idon malama. Kuskuren da sabuwar ɗaliba ta fi yi shi ne ta sandare gwiwoyinta, ta kuma lanƙwasa ƙasan bayanta ta turo ciki gaba, sai ta koma gida da ciwon baya tana zaton rawar ce ba ta karɓe ta ba. Malamar da ta san aikinta za ta gyara wannan a ranar farko. Saboda haka ki nemi ajin gwaji kafin ki biya ishtiraki, wato kuɗin rajista na wata ko na shekara, ki lura ko malamar tana zagayawa tana gyara tsayuwar ɗalibai, ko kuwa tana gaban madubi tana nuna gwanintarta kawai. Ki duba ko ana fara aji da ɗumama jiki. Ki tambaya kuma ko rawar ƙugu ce ta gaskiya, domin wasu wuraren Zumba, wata rawar motsa jiki mai sauri, suke yi da kiɗan Larabawa. Wannan yana sa gumi sosai, sai dai ba ya koyar da sarrafa ƙugu. Kada rangwamen shekara guda ya ruɗe ki, ki fara da wata ɗaya, musamman idan nadin yana da nisa da unguwarku.

Batun rufin asiri ba ƙarami ba ne a wurinmu. Ki tabbatar an hana ɗaukar hoto a cikin aji kuma ana aiki da hanin. Dokar laifuffukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani da kyamarar waya, amma hoton da ya riga ya bazu babu tarar da za ta dawo da shi.

Zaɓi na biyu shi ne mata huɗu ko biyar, 'yan'uwa ko maƙwabta, su haɗa kuɗi su ɗauko malama ta riƙa zuwa gida. Akwai rufin asiri a nan, kuma wadda ba ta son kiɗa mai kayan bushe-bushe tana iya neman a yi da ganga kawai ko da ƙirge. Rauninsa shi ne da zarar biyu sun janye, kuɗin ya yi wa sauran nauyi.

Bidiyon YouTube kyauta ne, kuma yana da amfani bayan kin koyi tsayuwa a hannun malama, amma ba na ba da shawarar a fara da shi.

Kayan aiki ba su da yawa. Ƙafa babu takalmi ake yi, da tufafin da ke nuna layin ƙugu, da gyale a ɗaure a kwatangwalo. Gyale mai ƙananan ƙarafa masu kacau-kacau, wanda yake tuna mana da jigida, yana taimaka wa kunne ya ji ko motsin ya daidaita, sai dai mai arha yana zubar da ƙarafansa a ƙasa har a taka. Gyalen da ke cikin akwatinki ya isa a watan farko. Mai juna biyu, da mai jego, musamman wadda aka yi wa tiyata, da mai fama da ciwon ƙashin baya, su nemi izinin likita kafin su biya ko riyal ɗaya.