Sharhi a kan littafin zanen haɗin ƙyallaye, bayan aiki da shi a shagon ɗinki a Aboabo

Littafin da nake sharhi a kansa a Amurka aka buga shi, da Turanci, kuma abin da ya ƙunsa shi ne zane-zane fiye da ɗari na yadda ake yanka ƙananan ƙyallaye a haɗa su su zama gida ɗaya mai kusurwa huɗu, sannan a jera gidajen a ɗinke su su zama bargo ko shimfiɗar gado. Ƙanwata da ke zaune a can ce ta aiko mini da shi, domin ta san cewa a shagona da ke Aboabo, nan Kumasi, buhunan guntayen atamfa sukan taru bayan kowace salla har mu rasa inda za mu ajiye ƙafa. Na yi aiki da shi ni da 'yan matan da ke koyon ɗinki a hannuna, kuma ra'ayina bai rabu biyu ba: a fannin koyar da awo da tsara launi littafin ya cancanci yabo, amma an rubuta shi ne domin mai sayen sabon yadi ya yayyanka, mai kayan aiki na musamman, mazaunin ƙasar sanyi, kuma ko ɗaya daga cikin waɗannan bai dace da mu ba.

Haɗa ƙyallaye ba baƙon abu ba ne a nan Ghana. Duk wanda ya zaga kasuwar Kejetia ya ga riguna da jakunkuna na asasawa, wato haɗin guntayen atamfa da Asantawa suka daɗe suna yi, kuma masaƙan garin Bonwire suna saƙa yadin gargajiya na kente ne siriri-siriri, faɗinsa kamar inci 4, kafin a jera a ɗinke ta yadda adon wannan layi zai daidaita da na maƙwabcinsa. Bambancin da littafin ya zo da shi shi ne lissafi. A asasawa idan ƙyalle ya ɗan fi ɗan'uwansa tsawo sai a datse a wuce, babu mai tuhumar tela. A nan kuwa kowace kusurwa dole ta haɗu da 'yar'uwarta a wuri guda, kuma idan ta kauce ko da kaɗan ne, ido zai kama ta daga bakin ƙofa.

Dukan littafin a kan doka ɗaya ya tsaya, wato a bar kwatan inci daidai a bakin kowane ƙyalle domin ɗinki. Wannan ne wurin da na fi jin daɗin bayaninsa, kuma nan ne ya fi wahalar da 'yan shagona, domin hannun telan kaya ya saba da barin rabin inci ko fiye, saboda wata rana mai kayan za ta dawo ta ce a buɗa mata. Zane mafi sauƙi a littafin gida ne mai ƙyalle tara, uku a jere sau uku, kamar ramukan dara. Idan ana son gidan ya fita inci 12, kowane ƙyalle za a yanka shi inci 4½, ɗinki ya cinye kwata a kowane gefe, ya rage inci 4. Wata daga cikin 'yan matan ta ɗinka nata da rabin incin da ta saba, gidan ya fito inci 10½, ta kawo mini tana cewa, "Madam, littafin nan lissafinsa bai cika ba." Na ce mata, "'Yata, auna bakin ɗinkinki tukuna kafin ki kama Bature da laifi." Littafin ya nuna da misali yadda ƙaramin kuskure ke haihuwa: idan ɗinki ya zarce da kashi 1 cikin 16 na inci kawai, kowane haɗi yana cin kashi 1 cikin 8, kuma a layin da ke da ƙyalle 18 hasarar za ta haura inci 2. Maganin da muka yi shi ne manna farin salatif a kan farantin keke, kwatan inci daga allura, kowa ya riƙa bin gefensa. Tun daga nan har ɗinkin kayan mutane ya ƙara tsabta a shagon, wanda ban sa ran samu daga littafin bargo ba.

Haka kuma dabarar yin ƙyalle mai kusurwa uku ta burge ni ƙwarai. Maimakon a yanka kowane ɗaya daban, alhali gefen da aka yanka a karkace yana miƙewa da zarar an ja shi, littafin ya ce a yanka murabba'i biyu, mai haske da mai duhu, a ƙara kashi 7 cikin 8 na inci a kan girman da ake so, a kifa su fuska da fuska, a ja layi da alli daga kusurwa zuwa kusurwa, a yi ɗinki kwatan inci a kowane gefen layin, sannan a raba da almakashi a kan layin. Da an buɗe sai ga murabba'i biyu, kowane rabinsa haske rabinsa duhu, kuma babu wanda ya miƙe. Taurari da jerin tsuntsaye da yawancin zanen da ke tsakiyar littafin duk daga wannan ƙwaya suke tsirowa. Ya kuma nace a kan guga bayan kowane haɗi, a kwantar da bakin ɗinki zuwa ɓangaren duhu, a danna dutsen guga a ɗaga ba tare da gogawa ba. Gaskiya ce, na gwada na gani; sai dai marubucin bai san ranar da za a ɗauke wuta tun safe ba, kuma dutsen gawayi, ko da yake nauyinsa ya dace da aikin, yana bukatar a shimfiɗa farin ƙyalle a tsakani domin toka.

Inda muka fara rabuwa da littafin shi ne wajen yadi. Hotunansa duka na yadin auduga ne mai ƙananan furanni da launuka masu sanyi, irin wanda ko an yanka shi inci 2 adonsa yana nan. Atamfar kamfanonin GTP ko ATL ko Vlisco ba haka take ba. Fure ɗaya ko tsuntsu ɗaya yakan kai faɗin tafin hannu biyu, saboda haka idan aka yanka guntu huɗu daga zane ɗaya, wani zai fito ja, wani shuɗi, wani kuma fari fat, kamar ba daga turmi ɗaya suka fito ba. Na ɗinka wata tauraruwa mai tsini takwas daidai yadda aka zana, kusurwoyinta duk sun haɗu, amma da na rataye ta a bango na ja da baya, tauraruwar ta ɓace cikin hayaniyar launuka. Littafin ya taɓo wannan batu a shafi guda, inda ya ce abin da ke fito da zane ba launi ba ne, bambancin haske da duhu ne, kuma da ni ce na rubuta shi da wannan shafi na sa a gaba. Hanyar da muke bi yanzu ita ce mu baza guntayen a kan tebur, mu ɗauke su hoto da waya, mu mai da hoton baƙi da fari. Jan da ke ƙona ido da koren da ke gefensa sukan fito toka iri ɗaya, alamar cewa idan aka haɗa su babu zanen da zai bayyana. Daga nan muka koyi sa yadi marar ado, fari ko baƙi ko ruwan shuni, a tsakanin atamfa domin ido ya sami wurin hutawa.

Cikin zane-zanen duka, wanda ya fi karɓar guntayenmu shi ne wanda Amurkawa ke kira Log Cabin, wanda ya yaɗu a can tun shekarun 1860. Ana fara shi da ƙaramin murabba'i a tsakiya, bisa al'ada ja, domin yana wakiltar murhun gida, sannan a riƙa kewaye shi da siraran ƙyallaye ɗaya bayan ɗaya, gefe biyu masu haske, gefe biyu masu duhu. Abin da ke saura a ƙarƙashin teburin tela bayan an fitar da riga da siket yawanci dogaye ne sirara, kuma su ne ainihin abin da wannan zane ke ci. Babu kusurwa mai tsini da za a yi fama da ita, 'yar koyo mai wata kaɗan a shago tana iya yinsa, kuma gidajen iri ɗaya idan aka jujjuya su sukan ba da siffa daban, wani lokaci layuka a karkace, wani lokaci zobba masu kusurwa da ke faɗaɗa daga tsakiyar gado. Shafukan da suka nuna waɗannan jere-jere su ne suka fi tsufa a littafin saboda yawan buɗawa. Zane-zanen masu lanƙwasa da masu ƙyalle fiye da 40 a gida ɗaya kuwa na duba su na wuce, domin babu mai sayen da zai biya wannan wahala.

Akwai abubuwan da littafin ya ɗauka kowa yana da su. Yankan da yake koyarwa da wuƙa mai taya ne, wadda kamfanin Olfa na Japan ya fitar a 1979, tare da faifan roba da ake yanka a kai da faffaɗar rula mai gani-gari, kuma awonsa na yadi ya ginu ne a kan faɗin inci 42 zuwa 44 da wani yanki da shagunan can ke sayarwa mai inci 18 da 22. Mu almakashi da tef da alli gare mu, kuma guntayenmu babu biyu masu girma ɗaya, don haka jadawalin yawan yadin da ke ƙarƙashin kowane zane bai amfane ni da komai ba. Mun fara da yanka ma'auni daga kwali, amma gefen kwali yana cinyewa da yawan bin alli har ma'aunin ya ragu, sai muka koma bangon fayil na roba. Haka nan bai ce komai ba game da buhun da ya gauraya auduga da shadda da leshi da shafi na roba. Wannan sanin gida ne ya fitar da mu: a ƙyasta ashana a bakin zare, auduga za ta ci ta bar toka mai laushi, roba kuwa za ta narke ta dunƙule. Auduga kaɗai muke haɗawa da auduga, kuma sai an wanke an shanya tukuna, domin wata atamfar tana zuba, wata tana tsukewa, kuma idan hakan ya faru bayan an gama ɗinki to aikin makonni ya tafi.

Babin ƙarshe, na haɗa bargon kansa, shi ne mafi rauni. Ya bayyana a gurguje cewa hawa uku ne, fuska da cikon auduga da baya, amma bai yi dogon bayani a kan yadda za a tura babban bargo ta ƙarƙashin hannun ƙaramin keke ba. Cikon da yake nufi ban same shi a kasuwa ba, kuma siririn soso da masu kujeru ke amfani da shi yana sa bargon ya sandare ya riƙe zafi. Sanyin Kumasi, in ban da asubahin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu da 'yan kwanakin damina a Yuli da Agusta, bai kai a nemi bargo mai kauri ba. Tsohon zane mai laushi muke sawa a tsakiya, ko mu bar shi hawa biyu kawai, kuma muna ɗinke shi kashi-kashi kafin mu haɗa.

Batun kuɗi kuwa sai a yi haƙuri. Wata Hajiya da ta daɗe tana kawo mini ɗinki ta ga shimfiɗar gado da muka gama, ta shafa, ta yaba, ta tambayi farashi, da na faɗa sai ta ce, "Haba ƙanwata, guntayen da za ki zubar ne fa, kuɗin nan ai zai saya mini bargo biyu a Kejetia." Na ce, "Hajiya, ƙyallen kyauta ne, zaman da aka yi a kansa ne ba kyauta ba." Ta yi dariya, ba ta saya ba, kuma ban ga laifinta ba. Abin da ke fita da sauri shi ne ƙananan kaya: rigar filo mai gida ɗaya, jakar hannu, da ɗan bargon jariri da ake kaiwa gidan suna, wanda gida tara ko goma sha biyu sun ishe shi. Baƙin da ke zuwa Cibiyar Al'adu ta Kumasi ma irin waɗannan suke nema, domin suna shiga akwati.

Ga tela mai yara a shago da buhun guntaye a lungu, ina ganin littafi irin wannan ya cancanci a neme shi, ko da mai shi ba ya jin Turanci sosai, domin kowane zane yana da hoto mataki-mataki da lambobi, kuma 'yan matana hotunan suke bi. Wanda zai saya daga masu sayar da tsofaffin littattafai ya buɗe bayansa ya tabbata shafukan ma'auni suna nan, domin su ake fara yagewa. Idan kuma za a kai su wurin mai fotokwafi, a auna ɗan murabba'in inci ɗaya da ke gefen shafin da tef kafin a biya, domin injin yakan rage girman hoto ba tare da an umarce shi ba.