Kayan gyaran PlayStation mai zafi: wanda ya cancanci kuɗinka da wanda za ka bari a kasuwa

Duk mai gidan gem a Kano ya san watan Afrilu. Da azahar ɗaki ya ɗau zafi, yara sun cika benci ana buga ƙwallo, sai ka ji ɗaya daga cikin na'urorin ta fara gurnani kamar injin niƙa. Can sai rubutu ya fito a talabijin cewa PS4 ta yi zafi da yawa, a kashe ta. Wata ma ba ta jiran a kashe ta: fitila ta koma ja, ta yi ƙara, ta ɗauke.

Kamfanin Sony ya rubuta a takardar na'urar cewa an yi ta ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. Mu kuwa daga Kano zuwa Sakkwato, Maiduguri da Damagaram, bazara takan haura 40. Ga shi kuma kafin bazarar ta iso, na'urar ta riga ta sha ƙurar hunturu tun daga Nuwamba har Fabrairu. Da toshewar hanci take shiga zafin. Na kashe kuɗi a kan kayan da ba su tsinana min komai ba kafin na gane cewa mafi arahar cikinsu ne ke yin mafi yawan aikin.

Sai ka san hanyar da zafin ke bi kafin ka zaro kuɗi. A tsakiyar fanel, wato babban allon lantarkin da ke cikin na'urar, akwai babban cif na kamfanin AMD, ƙwaƙwalwar na'urar, shi ne murhun. A kansa akwai wani mai kauri da masu gyara ke kira fes, wanda ke cike 'yan ramukan da ido ba ya gani tsakanin cif da ƙarfen da ke zuƙe zafi. Ƙarfen yana da siraran haƙora a jere. Fanka tana jawo iska ta gefuna, ta tura ta tsakanin haƙoran, iskar ta ratsa ta fawa fak, akwatin da ke ba na'urar wuta, ta fice ta baya. PS4 ta farko, ta 2013, an rubuta mata cin wuta na wat 250. Slim ta 2016 wat 165 ce, Pro kuwa 310, shi ya sa Pro ta fi kowacce ihu. Wuri uku ne hanyar nan ke lalacewa: haƙoran su toshe, fes ya bushe, ko fanka ta gaji. Na farkon ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Sukundireba, burushi da iska

Kusoshin bayan PS4 masu kan tauraro ne, da ɗan tsini a tsakiya, saboda haka sukundireban tauraro na gama-gari ba ya shiga. Nemi mai lamba T8 da T9 waɗanda bakinsu ke da rami, sannan mai kuros ƙarami, lamba 0 da 1. A kasuwa za ka tarar da zaɓi biyu: akwatin nan mai bakuna barkatai da ake sayarwa da araha, ko guda-guda masu ƙarfe mai kyau irin na masu gyaran waya. Ni na fi son guda-guda. Bakunan akwatin masu taushi ne, sau biyu ka murɗa sun lanƙwashe, kuma idan suka cinye kan kusa, aikin rabin awa ya zama na yini guda. Wanda ke da maganaɗisu a baki ya fi, domin kusoshin ƙanana ne.

Burushin fenti sabo, mai laushi, da tsohon burushin haƙori sun wadatar. Batun iska ne ke da ɗan zaɓi. Gwangwanin iska yana aiki amma yana saurin ƙarewa, kuma idan ka kifa shi ruwa mai sanyi yake fesowa. Ƙaramar bulowar lantarki ta fi tsada a sayen farko, sai dai mai na'ura uku ko huɗu zai ci ribarta cikin shekara. Mai na'ura ɗaya a gida, famfon roba na hannu ya ishe shi. Injin mai faci kuwa ka bar wa taya: iskarsa takan zo da ruwa da mai, ƙarfinta kuma ya yi wa fanel yawa. Kowacce ka zaɓa, ka danne fanka da yatsa yayin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙa'idarta.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ƙurar da ke kashe na'ura ba a ganinta daga waje. Tana taruwa ne a fuskar haƙoran da ke kallon fanka, ta zama kamar bargo. A PS4 ta farko sai an ɗaga fanel gaba ɗaya ake kai wa gare ta, kuma da zarar ka raba fanel da ƙarfen, tsohon fes ya tashi aiki. Don haka kada ka kwance na'ura alhali ba ka da sabon fes a hannu. Kuma kada ka yi mamaki idan ka tarar da kyankyasai. Suna son ɗumin fawa fak, masu gyara har a Amurka suna kuka da su. Fawa fak ɗin a kaɗe shi, a hura shi, amma kada a buɗe cikinsa, yana riƙe wuta ko bayan an zare shi daga soket.

Fes: nan ne ake cutar mutane

Idan akwai wurin da zan ce ka saki hannu, to nan ne, domin bambancin kuɗin kaɗan ne, bambancin wahalar kuwa babba.

A ƙasa akwai fari ko ruwan toka da ake sayarwa a ɗan kwano ko babban sirinji, irin su HY510. Ranar farko za ka ji fanka ta yi shiru ka ce ka gama. Matsalar takan ɓullo daga baya. Cif ɗin PS4 tsirara yake, ba shi da murfin ƙarfe irin na kwamfutar tebur. Duk sanda ya yi zafi ya huce, shi da ƙarfen suna ɗan motsi, suna matse fes mai ruwa-ruwa zuwa gefe har tsakiya ta bushe. A inda wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ana komawa janareta, wannan zafi-da-hucewa ya fi yawa a rana. Bayan 'yan watanni ka sake kwancewa, kuma kowace kwancewa dama ce ta yage siririyar wayar diski. GD900 ya ɗan fi su, shi zan ɗauka idan aljihu ya ƙi.

A tsakiya akwai Arctic MX-4, Arctic MX-6 da Noctua NT-H1. Dukkansu ba sa ɗaukar wutar lantarki, wato idan ya ɗan zuba a gefen cif ba abin da zai ƙone. MX-4 ya fi sauƙin samu da sauƙin shafawa. MX-6, wanda ya fito a 2022, ya fi kauri, kuma kaurin nan ne ake so a kan cif tsirara. Sirinji mai giram 4 zai yi maka na'urori da dama, saboda abin da ake sawa bai wuce ƙaramar ƙwayar wake ba, a baje shi siriri ya rufe cif har kusurwoyi. Thermal Grizzly Kryonaut mai kyau ne, amma an yi shi ne don masu tura kwamfuta fiye da ƙa'idarta, kuɗinsa ya fi abin da PS4 za ta mora.

A sama akwai Honeywell PTM7950. Shi ba mai ba ne, wani siririn falle ne da ake yanka daidai girman cif. Yana narkewa idan zafi ya kai wajen digiri 45, ya cike ramuka, ya sake daskarewa idan an kashe, shi ya sa ba ya gudu gefe. Ga na'urar da ke aiki daga safe har dare, ban ga na biyunsa ba. Aibinsa biyu: ɓare ledar jikinsa sai da haƙuri (sa shi a firji na ɗan lokaci yana taimakawa), sannan jabunsa ya yi yawa a intanet, domin yawanci yanka shi ake yi daga babban falle a sayar ba kwali.

Kada lambar da aka buga a jikin kwali ta ruɗe ka, wadda ke nuna wai yawan zafin da fes ke ɗauka. Kowa yana rubuta abin da ya ga dama, Noctua ma ba ya buga ta sam. Abin dubawa shi ne ko na gaske ne. Arctic yana sa lambar tantancewa a kwalinsa da za ka duba a shafinsa, ka yi hakan tun kana gaban mai shago, a Farm Centre ne ko Beirut Road, Banex a Abuja ko Computer Village a Ikeja. Man goge baki da giris ɗin mota, da wasu ke cewa suna aiki, a bar su inda suke.

Don goge tsohon fes, nemi sifirit ɗin da ake kira isopropyl mai ƙarfin kashi 90 zuwa sama. Na kemis zai yi idan babu, amma ka ba shi lokaci ya bushe sarai. Ban da fetur, ban da tina.

'Yan katifun kan memori

A kewayen babban cif akwai ƙananan cif na memori, kowanne da 'yar katifa mai laushi da ke kai zafinsa ga ƙarfe. Idan ba su yage ko sun bushe ba, mayar da su yadda ka same su. Ana sayar da sababbi masu kaurin milimita 0.5, 1 da 1.5, kuma a nan kuskure yake da tsada: idan ta yi kauri sai ta ɗaga fanel, babban cif ya daina taɓa ƙarfensa, na'ura ta fi da zafi duk da sabon fes. Wanda bai da abin auna kauri ya sayi mai kama da ƙullu, irin K5 Pro, wanda ke bajewa daidai gwargwadon ratar da ya tarar.

Fanka kuwa, ihunta ba ya nufin ta lalace. Galibi umarni take bi saboda cif ya yi zafi. Juya ta da yatsa: idan ta yi ta juyawa sumul, ƙalau take. Idan tana karta, tana rawa ko tana tsayawa nan take, sai a canja. Ta asali da aka ciro daga matacciyar na'ura, mai tambarin Nidec ko Delta, ta fi min sabuwa marar suna. Ka duba lambar da ke jikin na'urarka, CUH-1000 ce, 1200, 2000 ko 7000, domin ba kowace fanka ke shiga kowacce ba.

Abin da za ka wuce a kasuwa

'Yan fankokin da ake maƙalawa a baya suna da kyan gani, da fitilu masu launi, amma ba sa cire ƙura ko ɗaya, wasu ma tare hanyar iskar suke yi. Kuɗinsu ya sayi fes mai kyau.

Wanda ya fi damuna shi ne bulowar zafi, wadda ake gasa fanel da ita wai don a farfaɗo da na'ura. Dabarar gasa fanel ta yi suna ne a zamanin Xbox 360, na'urar gem ta kamfanin Microsoft, wadda ta fito a 2005. Dalmar da ke haɗa cif ɗinta na hoto tana tsagewa saboda yawan zafi da hucewa, sai fitilu uku su yi ja a gaba. Abin ya yi yawa har a Yulin 2007 Microsoft ya ƙara wa'adin garanti zuwa shekara uku, ya ware sama da dala biliyan 1 don gyara. A lokacin mutane suka riƙa naɗe na'urar da tawul don ta gasa kanta, wasu suka koma bulowa, haka aka yi wa PS3 mai nuna fitilar rawaya. Na'urar takan farfaɗo na kwanaki ko makonni, sai ta sake mutuwa, sau da yawa da fanel a lanƙwashe. Idan PS4 ɗinka tana ƙyafta shuɗiyar fitila ba hoto, ko tana ɗaukewa tun tana da sanyi, wannan ya wuce ƙura da fes. Kai ta wurin mai gyara, ka tambaye shi kai tsaye: "Malam, gasawa za ka yi, ko za ka auna ka gano abin da ya mutu?" Amsarsa za ta gaya maka ko ka bar masa ita.

PS5, wadda ta fito a Nuwamban 2020, lissafinta daban ne. Maimakon fes, Sony ya sa mata narkakken ƙarfe mai sinadarin galiyom, ya kewaye shi da shinge don kada ya zuba. Ƙarfen nan yana ɗaukar wuta, ɗigo ɗaya a kan fanel ya isa ya kashe ta, kuma yana cin alminiyom. Kada ka saya don ka sa wa PS4, ba ta da wannan shingen. A PS5 ma, aikin gida ya tsaya a zare fararen murafan gefe, a zuƙe ƙura ta ramukan da aka tanada don haka a samfurin farko, a kwance fanka da T8 a share ta. Idan na'urar tana cikin garanti, kada ka taɓa takardar garanti da aka liƙe kusa da fankar.

Bayan gyara, ɗauke ta daga ƙasa da cikin kabad, ka bar aƙalla santimita 10 tsakaninta da bango kamar yadda Sony ya ce, a kan benci ko katako, ba kan kafet ba. Idan an tashi aiki a rufe ta da ƙyalle bayan ta huce. Ni a farkon Maris nake kwance nawa, lokacin da hazo ya janye, zafi kuma bai kankama ba. Idan daga waje za ka yi odar fes ɗin, yi tun a Janairu, domin yakan ɗauki makonni kafin ya iso.