Hattara da masu sayar da ƙafar kyamara ta "kabon" a intanet

Jama'a, masu sana'ar hoto da masu ɗaukar bidiyo don shafukansu, musamman waɗanda aiki ke kai su gari-gari, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da Instagram da TikTok da sitatus ɗin WhatsApp. Ta ƙafar kyamara ce, tirayifod ɗin nan mara nauyi da ake naɗewa a jefa a jaka. Don Allah duk mai niyyar saye ya karanta wannan kafin ya tura wa kowa ko sisi.

Abin da matafiyi ke nema a ƙafar kyamara shi ne rashin nauyi. Wanda zai hau Dutsen Dala da asuba don ya kama birnin Kano kafin rana ta ɗaga, ko wanda zai wuni a tsaye a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ko mai zuwa Argungu ko Yankari ko Agadas, ba ya son ƙarfen da zai sage masa kafaɗa. Kamfanonin jirgin sama ma da yawansu kilo 7 kawai suke bari a jakar hannu. Wannan buƙatar ce 'yan damfarar suka gano, shi ya sa kalma ɗaya suke ta nanatawa a tallarsu: kabon faiba, wato wani abu mai ƙarfi mara nauyi da ake yin bututun ƙafar da shi maimakon alminiyam. Sun san mai hoto ya ji ana cewa ita ce mafi kyau, kuma sun san ba kowa ne ya taɓa riƙe ta gaske a hannunsa ba.

'Yan damfarar iri biyu ne. Na farko ba shi da kaya kwata-kwata. Hotunan da ke shafinsa daga shafin kamfani ya kwaso su, na Manfrotto ko Benro ko Sirui ko Peak Design, masu farin bango tas. Zai sa farashin da bai kai rabin na kasuwa ba, kuma yana da labarin da zai rufe bakin mai tambaya: kayan gwanjon kwastan ne, ko wani yayansa ne ya aiko daga Landan, ko shago yake tashi. Hukumar Kwastan ta Najeriya ta sha fitowa tana gargaɗi a kan masu tallar gwanjon ƙarya da sunanta a kafafen sada zumunta, amma har yanzu maganar tana cin mutane. Da ka nuna sha'awa sai ya fara matsa maka: "Yallaɓai, saura guda biyu, wani ma yanzu ya ce in ajiye masa." Ka ce a biya in kaya ya iso, ya ce shi ba ya haka, an sha cutarsa. Ka tura kuɗi, ya turo maka hoton wani kwali da sunanka a jiki da lambar "direba". Washegari direban ya kira, wai an tsare mota a hanya sai an ƙara wani abu, ko kuɗin webil bai cika ba. Muryar daban, amma aljihun ɗaya ne. Ranar da ka daina turawa, ranar za a toshe lambarka.

Na biyun ya fi damuna, domin shi yana aiko da kaya, kuma mai saye kan yi makonni bai san an cuce shi ba. Abin da ke zuwa siririn bututun alminiyam ne, wani lokacin ma roba, an naɗe shi da baƙar sitika mai zanen saƙa irin ta kabon. A hoto ba ka bambance su. Ka ɗaga ka ji shafal, sai ka ce lallai wannan ita ce. To rashin nauyin nan ba daga kabon ya fito ba, daga ƙarancin ƙarfe ne.

Ga ma'auni da kowa zai iya riƙewa. Ƙafar tafiya ta Peak Design, wadda ta fito a 2019 kuma ta yi suna a wajen matafiya, ta kabon tana da nauyin kilo 1.27, ta alminiyam kuma kilo 1.56. Tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai giram 300 ba, amma lokacin fitowarsu ta kabon kusan dala 600 ce, ta alminiyam kusan dala 350. Kamfanin ya ce kowacce tana ɗaukar kilo 9.1. Mafi yawan na gaske masu miƙewa su kai ƙirji ko fuskar mutum, haɗe da kan da ake ɗora kyamara a kai, a tsakanin kilo ɗaya da kilo ɗaya da rabi suke. Saboda haka in wani ya ce maka tasa rabin kilo ce, tana kai tsayin mutum, tana ɗaukar kilo 15, kuma kuɗinta bai wuce na cajar waya mai kyau ba, aƙalla ɗaya daga cikin maganganun nan ƙarya ce. Araha ba ta ado. Kuma adadin nauyin da ake bugawa a kwali babu wata hukuma da ke tantance shi, kowane kamfani da yadda yake aunawa, balle wanda ba shi da kamfani. Shi ya sa masu aikin suke neman wadda aka rubuta tana ɗaukar ninki biyu ko uku na nauyin kayansu.

Asarar kuma ba ta tsaya a kuɗin ƙafar ba. Kyamarar Canon 5D Mark IV da masu hoton biki ke ji da ita ta kusa giram 900, dogon gilashin zuƙowa na 70-200 mai f/2.8 da ake ɗaura mata kuma kusan kilo ɗaya da rabi. Duk wannan dukiyar a kan ɗan noti guda take zaune, mai kaurin kwata na inci, wanda ke shiga ƙasan kyamara. A ta jabu, farantin da ke riƙe da notin roba ne mai gautsi, makullan ƙafafun ma roba. Na san wani yaro mai ɗaukar bukukuwa da ya kafa irin wannan a filin kamu, ƙafa ɗaya ta zame ciki a hankali, kyamarar ta tafi da fuska a kan siminti. Ba tasa ba ce ma, haya ya ɗauko. Har yanzu yana biya, kuma wannan ne ya sa na ga bai kamata in yi shiru ba. Iskar hunturu kaɗai ta isa ta kifar da irin wannan ƙafar, ƙurar kuma in ta shiga makullan robar sai su daina kamawa.

In kayan yana gabanka, gane shi ba wuya. Ka miƙe ƙafa ɗaya ka ƙwanƙwasa ta da makulli ko zobe: alminiyam yana ƙara mai kaifi irin ta ƙarfe, kabon kuwa sautinsa a dakushe yake. Ka taɓa da safe ko a ɗaki mai sanyi, alminiyam zai yi sanyi ƙalau a tafin hannu, kabon ba ya yin haka, kuma a rana ba ya saurin ɗaukar zafin da zai ƙona ka. Ka bi jikin bututun da farce, in akwai layin haɗin sitika daga sama zuwa ƙasa za ka ji shi. In robar ƙasan ƙafar tana cirewa, ka cire ka leƙa bakin bututun: na kabon baƙi ne ciki da waje, na jabu fari ne mai ƙyalli. Kada ka dogara da maganaɗisu, domin alminiyam ma ba ya kama shi. Sannan ka miƙe ta duka, ka kulle, ka ɗora tafin hannu a kai ka danna da ƙarfi, ka ɗan murɗa. Ta kirki ba ta nitsewa, ba ta rawa. In mai shago ya hana ka wannan gwajin, ka ajiye masa kayansa.

Ni a ganina, wanda kuɗinsa bai kai na kabon ba ya sayi ta alminiyam ta kamfanin da aka sani, ko da ta hannu ce. Giram 300 ɗin nan ba za su hana kowa hawan dutse ba. Masu ɗauka da waya kuma ƙananan ƙafafun masu araha suna yi musu aiki, babu laifi, muddin an sayar da su a matsayin abin da suke, ba a ce za su ɗauki babbar kyamara ba.

Wanda dole sai ta intanet zai saya, ya nemi a yi kiran bidiyo kai tsaye, mai kayan ya ɗora ta a sikeli, ya miƙe ta, ya nuna lambar samfurin da ke jiki. Mai kaya na gaske ba ya jin haushin wannan. A sa hotunan tallar a Google Lens, a ga ko daga wani wuri aka kwaso su. A duba ko an rufe wurin sharhi, ko shafin ya sha canza suna, Facebook da Instagram duk suna nuna ko an taɓa canza sunan. In sunan da ke kan asusun banki ya saɓa da na shafin, aka ce na ƙanwa ne ko na yaron shago, a dakata. Mafi sauƙi ma a samu ɗan uwa ko aboki a Legas ko Abuja ko Kano ya je shagon da ƙafarsa ya gani, sannan a biya.

Wanda kuma an riga an karɓi kuɗinsa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya kira bankinsa a ranar, ba gobe ba, ya shigar da ƙorafin damfara, domin kuɗin ba ya daɗewa a asusun da aka tura shi. Ya adana rasit da hoton duk hirar da lambobin wayar kafin a goge shafin. Ya kai rahoto ga 'yan sanda ko EFCC, in kuma shago ne mai adireshi da ya sayar masa da jabu, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC tana karɓar ƙorafi. Sannan ya sanar a zaurukan WhatsApp na masu hoto na garinsu, tare da hoton tallar kanta, domin sukan canza sunan shafi su dawo da hotunan nan dai.