Audacity a hannun mai koyon jita da kunne

Audacity manhaja ce ta gyaran sauti da ake saukewa kyauta. Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg ne suka fara ƙirƙirar ta a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, aka sake ta ga jama'a a shekarar 2000, kuma tun 2021 tana hannun kamfanin Muse Group. Ba don masu koyon kiɗa aka yi ta ba, 'yan rediyo da masu naɗar murya suna yawan amfani da ita. Ni kuwa na ɗauke ta ne don buƙata guda, wato in rage wa kiɗan jita irin na Agadez sauri har kunnena ya iya bin yatsun makaɗin, tunda ba ni da malami, kuma wannan kiɗa ba a rubuce yake yawo ba, daga katin memori zuwa katin memori ake samun sa.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne umarnin da ake kira Change Tempo, wanda yake rage saurin kiɗa ba tare da ya taɓa tsayin amonsa ba. Duk wanda ya saurari makaɗan arewacin Nijar ya san cewa wahalar ba a yawan amon take ba, domin akasarin karin nasu a kan amo biyar yake tafiya, kamar yadda kunnen Bahaushe ya saba ji a garaya da gurmi. Wahalar tana cikin adon da suke yi wa amon: makaɗi zai kaɗa tsirkiya sau ɗaya, sannan ya buga yatsan hagu a kanta ya fizge shi da sauri, sai amo uku su fito daga kaɗawa guda, alhali babban yatsan dama yana can yana riƙe da tsirkiya mai kauri ba ya fashi. A saurin asali, duk wannan yakan zo wa mai koyo a dunƙule. Da na mayar da saurin zuwa kashi 70 cikin 100, sai na ji inda aka kaɗa da inda aka buga yatsa kawai, na kuma gane cewa amon da nake zaton biyu ne ashe huɗu ne. A ganina tsakanin kashi 60 da 75 ne amfanin yake. Idan aka yi ƙasa da rabi, sautin yakan fara rawa yana kumbura, bugun ganga ya narke, kuma wannan hali ne na duk wata hanyar miƙa sauti.

Akwai wata dabara da ban ga ana yawan ambata ba. Umarnin sauya gudu, wanda yake rage sauri da tsayin amo tare kamar kaset ɗin da batirinsa ya yi sanyi, idan aka sa shi a rabi daidai, kowane amo yakan sauka zuwa takwaransa na ƙasa mai suna iri ɗaya, don haka akasarin abin da aka ji yana nan a kan jitar, sai dai a tsirkiyoyi masu kauri. Sautin ya fi fita tsaf ta wannan hanya, ko da yake muryar mawaƙin takan zama abin dariya.

Na biyu a wurina shi ne gyaran tsayin amo. Na'urorin saita jita suna ɗaukar amon A a kan girgiza 440 a daƙiƙa, amma makaɗin biki da ya ɗaure tsirkiyoyinsa da kunne ba ruwansa da wannan lissafi, kuma tsofaffin naɗe-naɗen da aka kwafo daga kaset sukan ɗan hau ko su ɗan sauka. Sakamakon haka mai koyo zai yi ta lalube a wuyan jita, ya danna wannan gaɓa ya ji ta yi ƙasa, ya matsa ta gaba ya ji ta yi sama, har ya fara zargin kunnensa. Da Change Pitch ana iya ɗaga kiɗan ko a sauke shi da ƙasa da tazarar gaɓa ɗaya, har ya zauna daidai da jitar da ke hannu, maimakon a riƙa kwance tsirkiya ana ɗaurewa saboda kowace waƙa.

Maimaita yanki ma yana da sauƙi, musamman tun fitowar sigar 3.1 a 2021. Ana zaɓar daƙiƙa uku ko huɗu a sa su su yi ta zagayawa, a kuma liƙa wa kowane yanki suna domin a dawo gare shi gobe. Manhajar ba ta buƙatar intanet bayan an sauke ta, wanda ba ƙaramin sauƙi ba ne ga mai sayen data da awo.

Iyakokinta a fili suke. A kwamfuta kaɗai take aiki, ko Windows ko macOS ko Linux, alhali yawancin masu sha'awar wannan kiɗa waya ce a hannunsu. Tana buɗe MP3 da WAV kai tsaye, amma naɗin waya irin M4A sai an ƙara mata wata manhaja mai suna FFmpeg. Fuskarta cike take da maɓallan da mai koyon jita ba zai taɓa buƙata ba, kuma ba za ta gaya wa kowa inda zai ɗora yatsa ba. Wannan na ƙarshe ban ɗauke shi aibi ba. Manhajojin da suke fitar da amsa a allo an fi gina su a kan kiɗan Turai mai sauya haɗin amo akai-akai, yayin da kiɗan Agadez yakan daɗe a kan tushe ɗaya yana juya kari, kuma dama wanda ya zaɓi koyo da kunne so yake kunnen ya yi aikin. Tun da na saba da ita, nakan fara rera yankin da baki har ya zauna kafin in taɓa jitar, sannan in riƙa ƙara saurin da kashi biyar-biyar har in kai na asali. Ga mai kwamfuta, ko tsohuwa ce, da abin sauraro na kunne mai fitar da amon ƙasa sosai, ina ba da shawarar ya gwada ta kafin ya kashe kuɗi a kan wata manhajar.