Wace manhajar ƙirƙirarriyar basira za a saya don hango haɗarin babban aiki?

Duk wanda ya taɓa zama a taron bitar babban aiki ya san yadda abin yake tafiya. Injiniya ya ce saura ƙiris, ɗan kwangila ya ce kaya suna kan hanya, mai kula da jadawali ya nuna allo, a watse kowa hankalinsa kwance, sannan bayan wata shida a gano cewa ranar kammalawa ta daɗe da kuɓucewa. Farfesa Bent Flyvbjerg na Jami'ar Oxford ya tattara bayanan ayyuka sama da 16,000, ya tarar cewa kashi 8.5 cikin ɗari ne kaɗai suka ƙare a kan lokaci kuma cikin kasafin da aka yi musu. Layin dogo na Crossrail a Landan an shirya buɗe shi a Disamban 2018, ba a faɗa wa jama'a cewa hakan ba zai yiwu ba sai a watan Agustan shekarar, kuma bai fara ɗaukar fasinja ba sai Mayun 2022, bayan kuɗinsa ya tashi daga fam biliyan 14.8 zuwa sama da biliyan 18. Wannan ciwon ne masu sayar da manhajojin ƙirƙirarriyar basira suke cewa suna da maganinsa, kuma tun da kasuwar ta cika, ya kamata mai saye ya san abin da kowace take yi kafin ya sa hannu a takarda.

Gara in faɗi zaɓina tun da wuri, domin mai karatu ya auna sauran maganata da shi. Na fi yarda da irin manhajar da aka horar da jadawalan ayyukan da aka riga aka gama, wadda take kwatanta abin da aka tsara da abin da ya faru a zahiri, sannan ta yi hasashen yadda sabon jadawali zai kaya. Fitacciya a wannan rukuni ita ce nPlan, ta wani kamfanin Landan da aka kafa a 2017, wanda ya ce ya horar da ita da dubban ɗaruruwan jadawalai, kuma hukumar Network Rail mai kula da layukan dogon Birtaniya ta yi aiki da ita. Ana loda mata jadawali kamar yadda ya fito daga manhajar tsara jadawali ta Primavera P6 ko makamanciyarta, sai ta bi gaɓoɓin aikin ɗaya bayan ɗaya, ta duba sunan kowace gaɓa da tsawon kwanakin da aka ba ta da abin da ta dogara a kai, ta faɗi yiwuwar jinkirinta bisa yadda ire-irenta suka ƙare a baya.

Abin da ya sa na fifita wannan hanya shi ne ba ta tambayar ra'ayin mutumin da yake da buƙata a cikin amsar. Injiniyan da ya ce haɗa wutar wani sashe zai ɗauki kwana arba'in ba lalle ƙarya yake yi ba, yawanci yana lissafa ranakun da komai zai tafi daidai ne, ya manta da ranar da mai duba aiki bai zo ba da ranar da aka kawo waya mai kaurin da ba shi aka nema ba. Daniel Kahneman da Amos Tversky sun bayyana wannan ɗabi'a ta ɗan Adam tun a shekarun 1970, kuma maganin da suka bayar shi ne a daina kallon aikin daga ciki, a nemo ayyuka ire-irensa a ga yadda suka ƙare. Ma'aikatar sufurin Birtaniya ta shigar da wannan salon hasashe cikin ƙa'idojinta a 2004. A da ana yin sa ne a kan aikin gaba ɗaya, a ce titin jirgin ƙasa yakan zarce kasafi da kaza, don haka a ƙara kaza. Manhajar da ta koyi tarihi tana saukar da shi har kan gaɓa guda, ta nuna cewa haɗarin ba ya cikin zuba kankare inda kowa ya zuba ido, yana cikin gwaji da miƙa aiki, wato 'yan makonnin ƙarshe da mai tsara jadawali yakan matse domin ranar buɗewa ta yi daidai da abin da shugabanni suke son ji. A taron yanke shawara amfanin wannan babba ne, domin ƙaramin ma'aikaci ba ya buƙatar ƙaryata na sama da shi, alƙaluman ne suke magana.

Tana da rauni, ba zan ɓoye ba. Idan aikin sabo ne fil, wanda ba a taɓa yin irinsa ba, tarihi ba shi da abin da zai faɗa a kansa, kuma idan jadawalin da aka ba ta mara tsari ne, gaɓoɓinsa ba a ɗaure suke da juna ba, amsarta ma haka za ta fito.

Tsofaffin manhajojin lissafin Monte Carlo, irin su Primavera Risk Analysis da Safran Risk da @RISK, ina girmama su, amma su ba koyo suke yi ba. Mutum ne yake ba su mafi ƙarancin kwanaki da mafi yawa da wanda ya fi yiwuwa, su maimaita lissafin sau dubbai su fitar da ranar da ake da tabbacin kashi 80 cikin ɗari, saboda haka idan zaton da aka zuba musu mai daɗi ne, sakamakon ma mai daɗi zai zama, sai dai ya fito da rigar kimiyya. Manhajar ALICE tana jera hanyoyi masu yawa na tsara gini, wanda yake da kyau ga mai neman rage kwanaki, amma wannan tsari ne, ba hango haɗari ba. Buildots da OpenSpace suna amfani da kyamara a kan hular kwano su nuna abin da aka gina jiya, alhali mai yanke shawara abin da zai faru baɗi yake nema. ChatGPT da Copilot kuwa a bar su a taƙaita rahoto da tsara wasiƙa. Lauyoyin da wata kotu a New York ta ci tarar dala 5,000 a 2023 saboda shari'o'in ƙarya da ChatGPT ta ƙago musu sun isa misali.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ni an sare ni. Shekarun baya ina cikin kwamitin da ya zaɓi manhajar sa ido ga wani aikin tashar tace ruwa, muka ɗauki ta wani kamfani saboda kyan allonta: taswira mai motsi, fitilu kore da ɗorawa da ja, ga kalmar basira a kowane shafi na takardar talla. Wata tara fitilar sashen famfuna tana kore. Ranar da ta koma ja ita ce ranar da magatakardan wurin aiki ya shigar da hannunsa cewa famfunan ba su iso ba, labarin da direbobi ma sun sani tun mako uku kafin nan. Da muka matsa wa injiniyan kamfanin da tambaya, ya amsa cewa ƙa'idar ita ce duk gaɓar da ta wuce ranarta da kwana goma sai ta yi ja. Ihu bayan hari muka saya, abin da kowane akawu zai iya haɗawa a Excel cikin yini guda.

Irin wannan ruɗi ya fi yadda ake zato yawa. Wani rahoton kamfanin zuba jari na MMC Ventures a 2019 ya duba sabbin kamfanonin Turai 2,830 da ake ƙirgawa cikin masu ƙirƙirarriyar basira, ya ce kusan kashi 40 cikin ɗari babu shaidar cewa fasahar tana da wani muhimmin gurbi a harkarsu. A Maris 2024 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta ci kamfanonin ba da shawarar zuba jari biyu tarar dala 400,000 a haɗe, saboda da'awar amfani da fasahar da ba su yi amfani da ita yadda suka faɗa ba. Idan har a kasuwar da ake sa ido haka ana yi, to mai sayen manhajar aiki, wanda babu hukumar da take tsaye a bayansa, shi ne zai zama mai binciken kansa.

Gwajin da nake yi yanzu ɗaya ne, kuma ban yarda da cinikin biri a sama ba. Ina ɗauko aikin da muka riga muka gama, in ba mai sayarwa jadawalinsa kamar yadda yake a wata na shida, in goge sunan aikin da wurinsa domin kada a nemo ƙarshen labarin a intanet, in ce ya gaya mini ranar kammalawa da gaɓoɓi goma da suka fi haɗari. Ni na san amsar, shi bai sani ba. Mai kaya na gaske yakan karɓa da murna. Mai romon baka sai ya fara cewa manhajar tana buƙatar wata shida ta saba da bayananmu, ko ya dage sai dai a yi nuni da aikin da shi ya zaɓa, ko ya nemi mako biyu kafin ya dawo da sakamakon da ya kamata na'ura ta fitar cikin awa, wanda yakan nuna cewa mutane ne suke aikin a bayan labule. Idan ya ce hasashensu daidai ne kashi 95 cikin ɗari, a tambaye shi daidai da me, a kan ayyuka nawa, kuma ko waɗannan ayyukan suna cikin waɗanda aka horar da manhajar da su, domin ɗalibin da ya ga takardar jarrabawa tun daren jiya ba abin yabo ba ne don ya ci. Takardar shaidar ISO/IEC 42001, wadda aka fitar da ma'auninta a 2023, tana nuna cewa kamfani yana da tsarin kula da fasaharsa ne kawai, ba ta tabbatar da ingancin hasashe, ko da yake wasu dillalai suna ɗaga ta kamar hakan take nufi.

Sai kuma batun bayanai, wanda na koya shi ma a wancan aikin, lokacin da muka so rabuwa da kamfanin aka ba mu tarihin wata tara a matsayin hotunan allo da ba a iya lissafi da su. Ko manhajar da na fi so ba zan saya ba sai yarjejeniya ta faɗi a rubuce wane ne mai jadawalan da aka loda, ko za a horar da manhajar da su don amfanin wasu, a wace ƙasa ake ajiye su, da kuma sigar da za a mayar mana da su ranar da kwangila ta ƙare. Jadawali yana ɗauke da sunayen ƙananan 'yan kwangila da saurin aikin kowannensu da inda aka yi sakaci, kuma idan rigima ta kai gaban masu sulhu, shi ne takardar farko da lauyan ɗaya ɓangaren zai nema.